Jagorar Gyaran Jitar Bas da Kare Ta daga Laimar Legas

A ƙarshen daminar bara wani matashi da ke kaɗa wa ƙungiyar mawaƙa a Agege ya kawo mini jitarsa ta bas a cikin jaka. Ya ce, "Malam, sautinta ya dushe, so nake a cire fikof ɗin nan a sa mini mai tsada." Fikof shi ne abin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, mai ɗaukar sautinsu ya kai amfilifaya, wato akwatin ƙara sauti. Da na zuge jakar sai warin fumfuna ya buge ni. Tsirkiyoyi huɗun sun yi ja da tsatsa, sukurorin jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa kansa a gindin jita, sun kafe, bakin soket ɗin da ake cusa waya ya yi kore, wuyan kuma ya lanƙwashe har yatsana yana shigewa tsakaninsa da tsirkiya. Wata uku ta yi a jingine da bango a ɗakin da ba ya samun iska. Na ce masa, "Ƙanena, fikof ɗinka lafiyarsa ƙalau, bari mu fara wanke ta tukuna." Bayan kwana biyu ya ɗauki kayarsa da fikof ɗinta na asali, kuma abin da ya kashe bai wuce kuɗin sababbin tsirkiyoyi da soket ɗaya ba.

Tsarin da na bi a kan wannan jitar shi ne zan shimfiɗa a nan, kuma jerinsa yana da muhimmanci: a duba, a tsabtace, a saita, a toshe ƙarar lantarki, sannan a yi maganar sauya kaya. Wanda ya fara da sayen sabon kaya kafin saiti ba zai taɓa sanin ko tsohon yana da laifi ba.

Abin da ke cin jita a Legas

Jitar bas katako ce da ƙarfe da waya, kuma babu ɗaya daga cikin ukun da iskar Legas ta ƙyale. Tun daga jitar Precision Bass da kamfanin Fender ya fitar a 1951, tsawon tsirkiya a mafi yawan jitocin bas, daga ƙaramin jakin da ke saman wuya zuwa babban jaki, inci 34 ne, wato kusan santimita 86. Tsirkiyoyi huɗu masu matsakaicin kauri suna jan wuyan da ƙarfin da ya haura kilo 70, dare da rana. Katakon da ke ɗauke da wannan nauyi yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Masu ƙera kayan kiɗa suna son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari, alhali a Legas takan haura kashi 80 a yawancin damina. Ga kuma gishirin teku, wanda mazauna Lekki, Ajah, Apapa da Badagry suka san aikinsa a jikin ƙofofi da motoci. Idan wannan gishiri ya haɗu da gumin hannun makaɗi, sabuwar tsirkiya takan fara dushewa cikin 'yan makonni.

Mataki na farko: kayan aiki da dubawa

Kayan ba su da yawa, kuma kusan dukansu ana samunsu a kasuwar Alaba da ke Ojo ko wajen masu kayan gyaran waya a Computer Village ta Ikeja. Ana buƙatar sukudireba mai bakin tauraro babba da ƙarama, jerin alanki (ƙananan ƙarafuna masu kusurwa shida na murɗa noti), rula ta ƙarfe mai nuna milimita, na'urar saita sauti, kafo mai matse tsirkiyoyi a kan wuya, filaya mai yanka waya, ƙarfen like da dalma, mitar gwajin lantarki, da tsummokaran auduga masu laushi. A ƙara da siraran ƙarafunan awo irin waɗanda makanikai ke auna bakin fulogi da su. Game da alanki, a lura cewa jitocin da aka ƙera a Asiya yawanci ma'aunin milimita suke bi, na Amurka kuma ma'aunin inci. Alankin da ya ɗan yi sako-sako a cikin noti zai cinye bakinsa, kuma notin wuya, wanda ake saita lanƙwasar wuyan da shi, idan ya cinye, gyaransa babban aiki ne.

Kafin ka kwance komai, ka ɗauki hoton jitar da wayarka ta kowane ɓangare. Ka jona ta da amfilifaya, ka kaɗa kowace tsirkiya a kowane firet, wato siraran ƙarafunan da ke gicciye a fuskar wuya, ka murɗa kowane maɓalli, ka girgiza wayar a bakin soket, kana rubuta duk inda ka ji karce ko zirnaniya. Sannan ka ɗaga ta ka leƙa wuyan daga saman kai zuwa ƙasa kamar mai duba miƙewar katako. Lanƙwasa zuwa gaba ko baya abu ne da ake gyarawa. Murɗewa kuwa, wato gefe ɗaya ya ɗaga ɗaya ya sauka, aikin gwani ne, kuma sau da yawa sauya wuyan ya fi sauƙi.

Mataki na biyu: tsabta da sababbin tsirkiyoyi

Ka sassauta tsirkiyoyin a hankali ka cire su. Idan fuskar wuyan baƙin katako ce marar fenti, irin rozwud, ka goge dauɗar da ta taru a gefen kowane firet da tsohon buroshin haƙori, ka ɗiga man da aka yi don wannan aiki kaɗan a tsumma, ka shafa, ka goge saura nan take. Sau ɗaya a shekara ya wadatar a Legas, domin katakon nan ba ya fama da bushewa. Idan fuskar farin katakon mafal ce mai sheƙi, mai ba shi da amfani a kanta, tsumma mai ɗan danshi ya isa. Ban yarda a kusantar da man gyaɗa, man ja ko baƙin man inji ga jita ba: na girki yana yin tsami, na inji yana shiga ƙarƙashin firet.

Firet ɗin da suka yi kore ana goge su da audugar ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000. Kafin ka fara, ka rufe fikof da salatif ɗin takarda, saboda maganaɗisu ne a cikinsa, zai zuƙe duk ɓurɓushin ƙarfen da ya zuba, kuma ɓurɓushin yana iya yanke siririyar wayar da ke naɗe a ciki. Sukurorin jaki da suka kafe a kwance su a jiƙa cikin man warware tsatsa nesa da jikin jitar, a goge su tas kafin a mayar.

Zaɓen tsirkiya yana daga cikin manyan sauye-sauyen da mutum zai yi wa sautinsa, duk da cewa mutane ba sa ɗaukarsa a matsayin gyara. Jerin da aka fi amfani da shi yana farawa daga kauri mai lamba 45 a siririya zuwa 105 a mai kauri. Masu gurje-gurje, waɗanda ake jin naɗin waya a jikinsu, suna ba da sauti mai kaifi, amma dauɗa tana cika ramukansu. Na ƙarfen da ba ya tsatsa sun fi na nikel jure gumi. Akwai masu rufin leda siririya, irin na Elixir, waɗanda suka fi tsada amma suka fi daɗewa. Akwai kuma masu santsi, waɗanda sautinsu yake da zurfi da kauri, kuma sukan yi shekaru a jikin jita. Ga wanda yake kaɗa wa mawaƙan majami'a ko yake raka waƙoƙi masu taushi a situdiyo, a ganina masu santsin nan sun fi dacewa da aljihunsa da kuma yanayin garin.

Wajen ɗaurawa, ka zura tsirkiya ta jaki, ka ja ta ta wuce kunnenta, wato abin da ake naɗa ta a kansa a saman jita, da kamar santimita 8 zuwa 10, ka lanƙwasa ta sosai a wurin kafin ka yanka bayan lanƙwasar, domin kada naɗin waje ya saki zaren ciki. Ka cusa bakin cikin ramin kunnen, ka naɗa sau biyu ko uku, kowane naɗi yana sauka ƙasa da na baya. Ka kai ta sautinta, ka ɗan ja ta da hannu, ka sake saitawa har ta daina sauka.

Mataki na uku: saiti

A nan ne jita take zama mai daɗin hannu ko mai wahalarwa, kuma abubuwa huɗu ne da dole su zo a jere: lanƙwasar wuya, tsayin tsirkiya, daidaiton sauti, tsayin fikof. Kowane ɗaya yana canza wanda ke bayansa, don haka wanda ya tsallake zai maimaita aiki.

A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ke tokare jan tsirkiyoyi, kuma notinta yana saman wuya ko a gindinsa. Ka saita jitar a sautin da kake kaɗawa, ka riƙe ta yadda kake riƙewa a fagen kiɗa, domin idan tana kwance nauyinta yana ruɗin awo. Ka sa kafo a firet na farko, ka danne tsirkiya mai kauri a firet na ƙarshe, sai ta zama miƙaƙƙen layi. Yanzu ka auna ratar da ke tsakanin ƙasan tsirkiya da saman firet na takwas. Abin da ake nema kusan milimita 0.3 ne, kwatankwacin kaurin katin adireshi. Idan ratar ta fi haka, wuyan ya rusuna da yawa, sai ka ɗaure notin ta hannun da agogo yake bi. Idan babu rata ko kaɗan, kuma kana jin zirnaniya a firet biyar na farko, sai ka sassauta shi.

Haƙuri shi ne dukan sirrin wannan mataki. Ka ɗan sassauta tsirkiyoyi kafin ka ɗaure, kada murɗawa ɗaya ta wuce kwata na zagaye, ka sake saita sauti, ka auna. Katako ba ya amsawa nan take, saboda haka idan kwata biyu ba su kai ka inda kake so ba, ka bar jitar ta kwana. Na taɓa yin garaje a farkon koyona, notin ya yi tauri na ƙara masa ƙarfi, sai na ji ɗan ƙaras daga cikin wuyan, kuma wannan wuyan bai sake saituwa ba. Tun daga ranar, duk notin da ya ƙi motsi nakan fara sassauta shi, in ɗiga masa ɗigon mai ɗaya, kuma idan ya ci gaba da turjiya in tsaya.

Bayan wuya sai tsayin tsirkiya. Ka cire kafo, ka auna daga saman firet na 17 zuwa ƙasan tsirkiya. Wurin farawa mai kyau shi ne milimita 2.4 ga mai kauri da milimita 2 ga siririya, na tsakiya kuma su bi lanƙwasar fuskar wuyan. Ƙananan sukurori biyu ne a kan kowane sirdin jaki, wato guntun ƙarfen da kowace tsirkiya take zaune a kai, a ɗaga su ko a sauke su tare don sirdin ya zauna daidai. Mai hannu mai nauyi zai so ya ɗan ƙara tsayi, mai bugu da babban yatsa yakan so ƙasa. Waɗannan lambobi mafari ne kawai, hannunka ne zai yanke hukunci. Ka duba ƙaramin jakin saman wuya kuma: danne tsirkiya a firet na uku, ya kamata a ga 'yar rata kamar kaurin takarda a kan firet na farko. Idan tana kwance a kansa, ramin ya yi zurfi, kuma sauya wannan jakin da na ƙashi ya fi ciko daɗewa.

Daidaiton sauti shi ne abin da ke sa bas ta dace da fiyano ko da makaɗi ya haura can saman wuya. Ka saita tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a firet na 12 ka duba na'ura. Idan sautin ya haura, tsirkiyar ta yi gajarta, sai ka ja sirdinta baya, nesa da wuya. Idan ya gaza, ka tura shi gaba. Ka sake saitawa bayan kowane motsi. Tsohuwar tsirkiya ba ta daidaituwa komai ƙoƙarinka, shi ya sa aka sa sabuwa tun farko.

Na ƙarshe, ka danne firet na ƙarshe ka auna tsakanin tsirkiya da fikof: kusan milimita 3 a gefen mai kauri, ƙasa da haka kaɗan a gefen siririya. Idan ya matso da yawa, maganaɗisu yana jan tsirkiya ya sa sautin rawa. A Legas soson da ke ƙarƙashin fikof yakan ruɓe ya zama gari, fikof ɗin ya nutse, sauti ya yi ƙasa. Haka na tarar a jitar matashin nan, kuma guntun sabon soso ne ya dawo da rabin ƙarfin da yake nema.

Mataki na huɗu: ƙarar lantarki da lafiyar makaɗi

Wutar Najeriya bolt 230 ce mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma sautin tsirkiya mafi kauri a bas mai huɗu yana kaɗawa kusan sau 41. Ka ga kenan gurnanin wuta yana zaune a tsakiyar gonar bas, ba za a iya yanke shi daga amfilifaya ba tare da an yanke sautin jitar ba. Sai an bi shi zuwa tushe.

Ƙara iri biyu ce, kuma maganinsu daban. Akwai gurnani mai zurfi da yake ƙaruwa ko raguwa idan ka juya jikinka ko ka matsa kusa da taransifoma ko sitabilaiza. Wannan ɗabi'ar fikof mai naɗi ɗaya ce. A jita irin Jazz Bass, wadda ta fito a 1960, idan ka buɗe fikof biyun gaba ɗaya gurnanin yakan ɓace, domin ɗaya yana kashe na ɗaya. Fikof mai gida biyu da aka sa wa Precision tun 1957 yana yin wannan aikin da kansa. Akwai kuma zizar da ke raguwa da zarar ka taɓa tsirkiya, wadda fitilu, caja da wayoyin bango ke haifarwa, kuma ita ce rufin jan ƙarfe yake magancewa. Idan taɓa tsirkiya bai canza komai ba amma taɓa ƙarfen soket ya rage zizar, wayar da ke ƙarƙashin jaki ta tsinke ko tsatsa ta raba ta da shi. Ka ɗaga jakin, ka kankare wurin, ka baje bakin wayar yadda zai danne ta. Idan zizar ƙaruwa take yi da ka taɓa, an juya wayoyin soket biyu.

Rufin jan ƙarfe aikin yamma ɗaya ne. Ana sayen salatif ɗin jan ƙarfe wanda gam ɗinsa ma yake wuce wuta. Ka ɗauki hoton wayoyi, ka ɗaga faifan gaba ko murfin baya, ka fitar da maɓallan, ka share ramin daga ƙura. Ka shimfiɗa salatif a ƙasan ramin, sannan a bangayensa, kowane yanki yana hawa kan na kusa da shi da kamar rabin santimita, ka bar ɗan leɓe ya fito saman jiki kusa da ramin sukuru. Ka lulluɓe bayan murfin shi ma, yadda idan aka ɗaure zai taɓa leɓen ya zama akwati rufaffe. Ka sa mita a wurin da take yin ƙara idan wuta ta wuce, ka taɓa kusurwoyi daban-daban, ko'ina ya amsa. Sai ka liƙa gajeriyar waya da dalma daga rufin zuwa bayan maɓallin ƙara, inda sauran wayoyin ƙasa suke haɗuwa. Rufin da ba a haɗa da ƙasa ba ba ya tsare komai. Daga nan ka sa salatif ɗin leda a duk inda harshen soket ko ƙafafun maɓalli za su iya taɓa jan ƙarfen. Idan ka rufe ka ji jitar ta yi tsit gaba ɗaya, to wani wuri ne ya taɓa, ka buɗe ka raba su.

Akwai abin da ya fi sauti muhimmanci a nan. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta hanyar waya, don haka duk wutar da ta zubo a jikin amfilifaya tana isa hannun makaɗi. Da yawa daga ɗakunan taro da rumfunan biki a Legas soket ɗinsu ba shi da wayar ƙasa, janareta kuma ba a kafa masa sandar ƙasa ba. Mutum yana riƙe da tsirkiya, leɓensa ya taɓa makirfo, wuta ta bi ta jikinsa. Kada ka taɓa cire ƙafa ta uku ta fulogi domin rage gurnani, ko da wani ya ce haka ake yi. Kafin a fara wasa, ka sa mita a ma'aunin wutar gida, ka auna tsakanin tsirkiya da kan makirfo. Idan ta nuna wuta mai yawa, ko ka ji ɗan cizo a yatsa, a tsaya a nemo mai gyaran wuta. Ka kashe amfilifaya kafin a sauya daga wutar gari zuwa janareta, kuma kada ka kunna sai injin ya daidaita. Idan amfilifayar 'yar gwanjo ce daga Amurka, ka karanta bayanta da kyau, domin wutar can bolt 120 ce, kuma jona ta kai tsaye zai ƙone ta. Cikin amfilifaya kuwa ba wurin mai koyo ba ne, akwai sassan da ke riƙe wuta bayan an zare fulogi.

Mataki na biyar: sauya kaya

Yanzu da jitar take a kan ainihin ƙarfinta, ka kaɗa ta mako biyu. Abin da har yanzu yake damunka bayan haka, shi ne ya cancanci kuɗinka.

Sauyin da nake fara ba kowa shawara shi ne makullin maratayi, mai hana maratayi zamewa daga jita, irin na Schaller ko Dunlop. Bas tana da nauyi, yawanci kilo huɗu ko fiye, kuma faɗuwa ɗaya a kan siminti tana iya tsaga wuya. Idan ramin sukurun maratayin ya buɗe, ka tsoma tsinken sakace biyu ko uku a gam ɗin katako, ka cusa, ka karya saura, ka bari ya bushe, sannan ka mayar da sukuru. Na biyu shi ne soket mai inganci, irin na Switchcraft, domin yawancin karcen da ake ɗora wa waya daga nan yake. Waya biyu ce kawai, mai ɗauke da sauti zuwa harshen soket, ta ƙasa zuwa jikin soket ɗin.

Maɓallin da yake karce a fara fesa masa ruwan wanke sassan lantarki a murɗa shi sau da yawa. Man warware tsatsa ba na wannan aikin ba ne. Idan sai an sauya, jitocin da ba sa amfani da batir galibi suna ɗaukar mai lamba 250k, tare da wani ƙaramin sashen lantarki da ake kira kafasita, mai lamba 0.047, a maɓallin taushin sauti. Mai 500k yana ƙara kaifi, kafasita 0.1 tana ƙara duhu, kuma wannan gwaji ne mai arha da ake iya warwarewa. Wajen like, ƙarfe mai wat 30 zuwa 40 ya isa. Ka kankare bayan maɓallin, ka shafa dalma a kansa da kuma bakin wayar kowanne daban, sannan ka haɗa su ka taɓa na daƙiƙa biyu ko uku. Like mai kyau yana da santsi da sheƙi. Ka rufe jikin jitar da kwali, domin ɗigon dalma ɗaya yana huda fenti.

Fikof yana canza sauti da gaske, amma ka auna raminka da rula kafin ka saya, musamman a jita mai tsirkiya biyar, inda girma yake bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A Jazz Bass ma na kusa da jaki ya ɗan fi na kusa da wuya tsawo. Wanda gurnani ya dama a wuraren wasa, fikof mai naɗi biyu a gida ɗaya zai amfane shi fiye da komai. Masu son sa na'urar ƙara ƙarfi mai batir, irin tsarin da Music Man StingRay ta shahara da shi tun 1976, su san cewa cusa waya a soket shi ne yake kunna batirin mai bolt 9. A zare waya bayan wasa, a riƙa yawo da batir na ko-ta-kwana, kuma a cire shi idan za a ajiye jitar tsawon lokaci, domin idan ya zubo yana cin wayoyi.

Ana yawan zuzuta jaki mai nauyi, amma bambancin da nake ji a sauti kaɗan ne. Ina sauya jaki ne idan tsatsa ta cinye shi ko sirdinsa yana zamewa, kuma in nemi wanda ramukansa suka dace da na tsohon. Kunnuwa marasa nauyi, irin na Hipshot, suna da amfani ga jitar da kanta yake rinjaya ƙasa idan an rataya ta. Duk inda za ka sa sabon sukuru a katako, ka fara huda ɗan rami siriri.

Akwai sauye-sauyen da ba a komawa baya: faɗaɗa rami, kankare fenti, cire firet. Shahararren makaɗin bas Jaco Pastorius ya cire firet ɗin Jazz Bass ɗinsa ya shafe fuskar wuyan da gam mai tauri irin na jiragen ruwa, kuma matasa da yawa suna sha'awar yin haka. Shawarata ita ce a gwada a kan jita mai arha ko a sayi wuya na biyu. Duk kayan asalin da ka cire kuma ka zuba su a leda ka rubuta sunansu, domin ranar sayarwa mai saye zai tambaye su.

Ajiya da tafiya

Bayan kowane wasa ka goge tsirkiyoyi sama da ƙasa da busasshen tsumma, ka goge jaki da bayan wuya. Kada ka rufe jita a jaka da gumi a jikinta. A gida ka nisanta ta da bangon da ke tsatsafo da ruwa, da taga, da ƙasan ɗaki, musamman a unguwannin da ruwa ke shiga gidaje. Akwati mai tauri ya fi jaka, kuma a cikinsa ka sa ƙullin ƙwayoyin silika masu shan danshi, irin waɗanda ake samu a kwalin sababbin takalma, tare da ƙaramar na'urar auna laima. Ƙwayoyin suna ƙoshi, don haka a riƙa busar da su ko a sauya. Ka buɗe akwatin ko da sau ɗaya a mako ya sha iska. Idan fentin jitarka irin na da ne, mai suna naitiro, robar wasu matokarai da ake jingina jita a kansu tana narkar da shi, sai a naɗe wurin da ƙyallen auduga.

Idan ka fito daga situdiyo mai sanyin na'ura zuwa zafin waje, raɓa takan kwanta a kan ƙarfe, saboda haka ka bar ta a rufe na ɗan lokaci kafin ka buɗe. Kada ka bar ta a but ɗin mota da rana, cunkoson gadar Third Mainland kaɗai ya isa ya gasa ta. A danfo ka tsayar da ita tsakanin ƙafafunka, kada ka yarda kwandasta ya tura ta ƙarƙashin kujera ko ya ɗora mata kaya. Ba sai an sassauta tsirkiyoyi don ajiyar yau da gobe ba, domin an saita sandar wuya ne da wannan jan.

Sai tafiya gida. Jitar da ta shekara tana shan laimar Legas, idan aka kai ta Kano ko Sakkwato a tsakiyar hunturu, takan bushe cikin 'yan kwanaki: fuskar wuya ta tsuke, bakin firet ya fito yana karce tafin hannu, lanƙwasar wuya ta canza. Kafin ka shiga mota ka cire ƙwayoyin silika daga akwatin, ka sa soso mai ɗan danshi a cikin robar sabulu mai huji a madadinsu, ka tabbata ba ya ɗiga. Ka ba ta kwana biyu a can kafin ka taɓa notin wuya, ka rubuta yawan murɗawar da ka yi da hannun da ka bi, domin idan ka dawo Legas za ka warware ta daidai gwargwado.